Zafi ya shigo kuɗin wuta na neman fin ƙarfina, ya kuke yi a gidajenku?

Abban Sadiq

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da zafi, Allah Ya kawo mana damina lafiya. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan abin. Ina haya ne a Rijiyar Zaki, ciki biyu da falo, ginin bulo rufin kwano, silin kuma irin na robar nan ne. Layinmu yana Band A, wato rukunin da aka fi bawa wuta kuma kuɗinsa yafi tsada, mitar kuma mai kati ce. Kayan wutarmu ba wasu masu yawa bane, AC ɗaya mai ƙarfin doki 1.5 a ɗakin da maman yara take kwana da yaran, fankar sama guda uku, firiza ɗaya, talabijin, sai dutsen guga. Da hunturu katin dubu 25 yana kai mu wata harda ɗan saura, amma tunda Maris ya kama wlh abin ya doshi dubu 80, albashi kuma yana nan inda yake.

Kuma ba kuɗin kaɗai ke damuna ba, duk da wannan kashe kuɗin ɗakin baya yin sanyi yadda ya kamata, ƙarfe goman dare ka dafa bango kaji shi kamar tanda, jaririyarmu duk ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da gadon baya ko baccin kirki bata samu. Wasu sunce in siyar da AC ɗin in siyo mai inbata, wato irin wanda ake cewa baya shan wuta sosai, wasu sunce sola kawai zan haɗa in huta, wani abokin aikina kuma yace in nemi irin fankar nan da ake zubawa ruwa. Ni kuma gida ba nawa ba balle ince zan fasa in gyara. Wanne ne a ciki zai rage min kuɗi da gaske, kuma da wanne ya kamata in fara? Ngd.

Oga Sanyi Fagge

Wa alaikumus salam Abban Sadiq, Allah Ya bawa jaririya lafiya. Gyaran AC da firij shine sana'ata, to bari in maka lissafin a fili kaga inda kuɗinka suke tafiya. Tun watan Afrilun 2024 da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki, ta ɗaga kuɗin Band A daga naira 68 haka zuwa 225 duk yunit, daga baya aka ɗan sauko dashi, a Yulin shekarar ya tsaya 209.5, to kowane yunit yanzu kuɗi ne ba wasa ba. AC 1.5 wanda ba inbata ba yana jan wat 1,100 zuwa 1,200 idan kwampireso, wato injin cikinsa da ke haɗa sanyin, na aiki. In ya kwana awa 8 bai huta ba ka sha yunit 9 kenan, kusan naira 1,900 a dare ɗaya, a wata ka haura dubu 55 tun kafin a saka haraji. Ka ɗora wannan akan dubu 25 ɗinka na hunturu, ai ga dubu 80 ɗin nan ta fito cif. Fankar sama kuwa wat 70 ce haka, awa 8 ɗin nata bai kai yunit ɗaya ba, ko naira 150 bata ci. Kenan maganar gaba ɗaya akan AC ɗin take, sauran kayan ba su bane matsalarka.

Tambayata ta farko, nawa kuke sakawa a rimot? In nayi rantsuwa 16 ne ko 18 bazan yi kaffara ba, dan kusan duk gidan da na shiga a garin nan haka nake tararwa. Mutane sun ɗauka in ka saka 16 yafi saurin sanyi, alhali iskar da yake hurowa ɗaya ce, lambar nan kawai tana gayawa kwampireso inda zai tsaya ne, kuma ɗaki mai rufin kwano a Afrilun Kano har gari ya waye bazai taɓa sauka 16 ba, to injin haka zai kwana yana gudu baya tsayawa ko na minti ɗaya, wuta na tafiya shima yana gajiya. Ku saka 25 ko 26 ku kunna fankar sama tare dashi, zaka dinga jin kwampireso na ɗaukewa yana dawowa, duk lokacin da ya ɗauke ɗin nan kuɗinka ne suka zauna a aljihu. A Indiya ma tun farkon 2020 doka suka yi duk sabon AC ya fito daga kamfani a saite akan 24.

Na biyu filta. Mun fito daga hunturu, ƙurar nan duk tana cikin ragar, ka ɗaga murfin gaba ka zaro ragar guda biyu ka wanke da ruwa ka shanya a inuwa, wannan baka buƙatar kiran kowa, kuma a irin ƙurar garin nan duk sati biyu ya kamata. Ɓangaren AC ɗin da ke waje kuma shi ake mantawa dashi, in haƙarƙarinsa ya toshe da ƙura ko yana tsaye rana na dukansa tun azahar har la'asar sakaliya to wuta zai ta ja sanyi kaɗan. A wanke shi, a masa ƴar rumfa daga sama amma kar a toshe gabansa inda yake fitar da iska. Sannan dan Allah kar ka yarda wani yazo yace gas ya ƙare duk shekara a ƙara, gas ɗin AC ba fetur bane da ake ƙonawa, in ya ragu to akwai inda yake yoyo, a nemo wajen a like sannan a zuba. Ƙasan ƙofa ma a saka tsumma ko tsohon tawul, da yawa sanyin ta nan yake zurarewa falo.

Maganar mai inbata, eh yana rage wuta sosai dan shi in ɗaki yayi sanyi sassautawa yake ba kashewa da tashi ba, amma ni bazan ce ka siyar da naka yanzu ba, naka a kwance za'a siya sabon kuma kuɗi ne masu kauri. Kayi waɗannan tukunna ka duba mita sati ɗaya.

Maman Hanifa

Sannu Abban Sadiq, a gaida maman yara, Allah Ya raya mana bebi. Ni a cikin gari nake wajen Gwale kuma bamu da AC kwata kwata, amma alhamdulillah muna bacci. Abin da na lura mutane suna yi baibai shine taga, da rana tsaka a wangale tagogi wai a sha iska, alhali iskar waje a lokacin tafi ta cikin ɗakin zafi, kana buɗewa wuta kake shigo da ita. Mu da asuba ake buɗe ko'ina har zuwa wajen tara na safe, iskar sanyin nan ta ratsa ɗakunan, da rana ta fara ɗagawa sai a rufe ruf a saki labule mai kauri, ba'a ƙara buɗewa sai bayan magariba. Tagar da take kallon yamma kuma ita ce muguwar, mun rataya mata tabarmar kaba ta waje, ta waje fa ba ta ciki ba, dan in rana ta riga ta daki gilas ko ƙarfen taga to zafin ya shigo labule bazai mayar dashi ba. Da la'asar sai yara su yayyafawa tabarmar ruwa, iskar da take ratsowa wlh da daɗi.

Girki ma ki gaya mata, wato ka gaya mata, in da hali a fito dashi tsakar gida ko a gama na rana da wuri, tukunyar tuwo akan gas a kicin ɗin da yake manne da ɗakin kwana ba ƙaramin zafi take tarawa ba. Guga a tara ayi sau ɗaya da sassafe. Ƙwan fitila in akwai irin na da mai jan wuta ɗin nan wat 60 a cire a saka LED mai wat 9, shi na da in ka kai hannu kusa ma zaka ji zafin da yake fitarwa.

Ruwan sha kuma ni har gobe randa, in ka samu mai kyau ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa ka ɗora ta akan jiƙaƙƙen yashi ruwanta yafi na firij daɗin sha, baya sa mura kuma. Da haka sai a rage buɗe firizar nan da yara suke yi kowane minti. Akwai ma wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, da ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani dan ajiye tumatir da alayyahu da yalo, har kyautar Rolex ya samu a 2000 akan haka, abin namu ne na gida muka watsar.

Bebi kuma a dinga mata wanka da ruwan da ba sanyi ƙarara ba sau da yawa, a bar ta da ƴar shimi ta auduga, a rage mata man shafawa mai maiƙo da pampas da rana.

Injiniya Hotoro

Duk abin da Oga Sanyi da Maman Hanifa suka faɗa gaskiya ne, amma ni a ganina tushen matsalar Abban Sadiq yana saman kansa ne, kuma ya faɗa da bakinsa, kwano da silin na roba. Ina harkar gini, kuma abin nan yana ci min rai sosai saboda kusan duk gidajen hayar da ake ginawa yanzu a Rijiyar Zaki, Ɗorayi, Naibawa, Kurna haka ake yinsu, bulo inci 6 mai rami, rufi ƙasa ƙasa, kwano mai duhu wai dan yayi kyau daga titi, silin siriri, tsakar gida kuma a malale shi da siminti ko intalok ko bishiya ɗaya babu. Ranar da gari yake 41 ko 42, kwano mai duhu yana haura digiri 65 cikin sauƙi. Iskar da ke tsakanin kwanon da silin ta gasu kuma bata da hanyar fita dan an toshe ko'ina, robar nan ba abin da take tarewa, to zafin sai ya dinga sauka ɗaki. Bulo da simintin tsakar gida su kuma suna shan rana tun safe su adana, da dare su dinga amayar dashi, shi yasa kake dafa bango ƙarfe goma kaji zafi alhali waje ya fara sanyi. AC ɗinka aikin kwashe wannan zafin yake kwana yi, kai kuma kana biya. Duk zafin da ka hana shiga da rana, ka huta biyan kuɗin fitar dashi da dare.

Kaje Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa da rana tsaka ka shiga ciki ka tsaya, ba AC amma jikinka zai gaya maka. Katangar ƙasa mai kauri, soro mai tsawo, tagogi ƙanana a sama, zafin rana kafin ya ratsa kaurin nan dare yayi. Iyayenmu sun san garin da suke zaune shi yasa suka yi gini irin nasa. Ba cewa nake kowa ya koma tubali da azara ba, amma abin takaici ne mu ɗauko fasalin ginin da bai dace da ranarmu ba sannan mu zo muna kuka da kuɗin wuta.

To me ɗan haya zai iya? Na farko kuma wanda yafi komai tasiri akan kuɗinsa, a yiwa kwanon fenti fari. Fari yana mayar da mafi yawan hasken rana sama, duhu kuma shanyewa yake. A birnin Ahmedabad na Indiya, inda zafinsu yake kai namu harma ya wuce, hukuma da kanta take bi unguwannin talakawa ana shafawa rufi farar ƙasa da farin fenti, kuma ɗaki yana sauka da digiri 2 zuwa 5. Kar ka raina wannan, digiri 3 a ɗakin kwana shine tsakanin bacci da juye juye. In kuɗin fentin rufi na musamman yayi yawa, saman ɗakin da yara ke kwana kaɗai za'a yiwa, a wanke kwanon tukunna ya bushe, kuma da sassafe ake hawa kafin ya ɗau zafi, a samu wanda ya saba hawa rufi dan Allah kar a tura yaro.

Na biyu a buɗewa cikin silin hanyar numfashi, ƴan ramuka a bangon gefe biyu can sama ƙarƙashin kwano, a saka raga saboda ɓera da tsuntsu, iska mai zafi ta samu ta fice. In da hali kuma akwai takardar nan mai ƙyalli da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano, ana samu a Ƙofar Ruwa, amma a bar ɗan fili tsakaninta da abin da take kallo, in an manne ta ba fili aikinta ya ragu. Na uku bangon yamma, a masa inuwa ko da rumfar zana ce ko buhu, ko a ja igiya a shuka wani abu mai yaɗo.

Duk wannan ka zauna da mai gidan kuyi magana ta fahimta, gyaran gidansa ne ai, fentin ma yana hana kwano tsatsa, da yawa suna yarda a cire a kuɗin haya ko a raba biyu. Masu gidan kansu kuma dake karanta wannan, ku dubi Allah ku bar ko taku biyu ne a tsakar gida ku saka darbejiya ko mangwaro, darbejiya shekara kaɗan take yi ta fara bada inuwa kuma bata son ruwa da yawa, sai dai a nisanta ta da jikin gini da sokawe saboda saiwa.

Sola Man Zoo Road

Ni sola nake haɗawa amma gsky bazan ce maka ka haɗa dan AC ba a halin da kake ciki. Yunit 9 na dare ɗin da Oga ya lissafa, batirin litiyom ɗin da aka fi sakawa yunit 5 yake ɗauka, kenan sai guda biyu, ga fanel aƙalla huɗu masu wat 550 dan kowanne yunit biyu da rabi haka yake bayarwa a wuni in an goge masa ƙura, ga babbar inbatar sola mai juya wutar batir zuwa ta gida, maganar miliyoyi ake. Wanda yake Band A yana samun wuta, wannan kuɗin zai daɗe bai dawo ba. Abin da zai maka amfani shine fankar DC, wato mai aiki da wutar batir kai tsaye, wat 15 zuwa 30 take ci, da fanel ɗaya da ƙaramin batir zaka riƙe guda biyu da fitilu har safe, ranar da aka ɗauke wuta cikin dare yara bazasu tashi suna kuka ba kuma baka taɓa janareto ba, fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa yasan yadda yake.

Inda na ɗan saba da Injiniya shine maganar hawa ayi fenti kawai, wani kwanon irin mai santsin nan na zamani fenti baya kama shi sosai, damina ɗaya ya fara ɓarewa, a tambayi mai fenti irin wanda ya dace da shi kafin a zuba kuɗi.

Injiniya Hotoro

Wannan gyara ne mai kyau, na karɓa. Shi yasa nace a wanke, kuma irin mai santsin sai an fara saka na share fage kafin farin. Tsohon kwano na gargajiya kuwa kamawa yake tsaf.

Anti Nas

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina so in ƙara akan maganar bebin. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawarar da take bayarwa ita ce a saka AC akan 27 a haɗa da fanka, jiki zai ji kamar an rage digiri 4, kenan 26 ɗin da Oga yace ba ƙwauro bane, dama jariri baya son sanyi mai yawa yana busar masa da hanci. Sannan sunce in zafin cikin ɗaki ya haura 40 fanka kaɗai bata taimako, iska mai zafi take watsowa jiki, a irin wannan lokacin a jiƙa zani ko tawul a goga a jiki sannan a zauna gaban fankar. In bata kai wata shida ba nono kawai, a yawaita bata, uwar ce zata sha ruwa sosai. Kuma lokacin zafi lokacin sanƙarau ne, kar a cusa mutum bakwai takwas a ɗaki ɗaya a rufe ko'ina saboda AC, in yaro yayi zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ko jariri ya ƙi kama nono maɗigarsa ta kumbura a tafi asibiti a daren, kar a jira safiya. Masu kunna janareto kuma kar a saka shi a baranda kusa da taga ko cikin kicin, hayaƙinsa yana kashe mutane cikin bacci ba tare da sun ji komai ba.

Abban Sadiq

Kai jama'a Allah Ya saka muku da alheri, wlh na ƙaru sosai. Oga Sanyi 17 muke sakawa, daren jiya na mayar 26 da fanka kuma na wanke ragar, naji kwampireson yana ɗaukewa kamar yadda kace, na rubuta lambar mita zan dinga dubawa kullum da safe. Injiniya kwanonmu ruwan ƙasa ne mai duhu kuma ɗakin yaran shine a yamma, zan samu Alhajin mai gidan ranar Juma'a in sha Allah, mutumin kirki ne ina sa ran zai saurare ni. Anti Nas wata huɗu take, saƙo ya isa wajen mamanta. Saura maganar fankar ruwan nan ba wanda ya taɓo, tana aiki kuwa ko in haƙura?

Oga Sanyi Fagge

Tana aiki amma tana da lokacinta. Ita ruwa take busarwa ta cikin wata raga, busarwar ce ke sanyaya iskar, to sai gari a bushe yake take yi, Maris da Afrilu a Kano kam zaka ji daɗinta sosai kuma wat 100 ne haka, kaga ko kashi ɗaya cikin goma na AC bata kai ba. Amma daga tsakiyar Mayu in hadari ya fara haɗowa iska tayi nauyi da laima, sanyinta raguwa yake sai dai ɗanko a jiki. Kuma kar a haɗa ta da AC a ɗaki ɗaya, shi yana cire laima ita tana zubawa, wahalar da injin kawai zaka yi. Ita tana son taga a ɗan buɗe, a ajiye ta kusa da tagar tana jan iskar waje, a rufaffen ɗaki cikin awa ɗaya wajen zai koma turiri. A falo zata fi muku amfani da rana, sai ku bar AC sai lokacin kwanciya, ku kunna shi da taima awa 4 ko 5, wajen ukun dare gari ya sassauta fanka ta isa. Ruwan ciki a dinga zubarwa ana wanke tankin duk kwana biyu saboda sauro da wari. In zaka siya a Sabon Gari kace a zuba ruwa a kunna maka a gabanka, ka tabbatar famfon ciki yana jiƙa ragar gaba ɗaya har ƙasa, sannan ka tambaya ko ana samun ragar canji dan ruwan rijiyar burtsatse yana sa ta yi gishiri ta toshe. Fankokin saman naka ma in kaga sun rage gudu kafasita ce, ƴar na'urar da ke taimakawa motar fankar juyawa, kuɗinta kaɗan ne, mai wayarin zai canza maka cikin minti goma.